Goggo Dalassa Ta Saki Kunkuru

Da gari ya waye, kunkurun biki ya koma teku. Jiya da yamma maza suka jawo shi gaɓa suka kwantar da shi rigingine, kuma kowa a tsibirin Erub ya san kunkuru ba ya juya kansa. Sawunsa ne kawai ya rage a kan yashi, da sawun silifas a gefensa.

Goggo Dalassa ce ta fara dariya, har ta zauna a ƙasa. Ta ce ta zo duba ƙibarsa ne, sai ya kalle ta da idanun marigayi tsohon fasto, ita kuwa ba da ita za a ci fasto ba. Mata suka kwashe da dariya, sai Simeyon ne bai yi ba.

Bikin na miƙa jariri ne. Tun cikin Ketura bai fito ba ta yi wa yayanta Simeyon alkawarinsa, domin shi da matarsa Meleta sun daɗe ba haihuwa. Haka ake yi tun kakanni. Yaro ya tashi yana kiran masu riƙonsa uwa da uba, wadda ta haife shi kuma ta kama bakinta har kabari. A zuriyarsu ba a miƙa yaro sai an buɗe ramin gasa nama, an yi addu'a, sannan goggon mai jego ta ɗauke shi a sabuwar tabarma ta kai. Tunda babu kunkuru, aka ɗaga bikin.

Ketura ta ci gaba da shayar da ɗanta. Kullum da safe Dalassa na shigowa da romon kifi da rogo cikin madarar kwakwa, tana rawa tun daga ƙofa. Ba sabon abu ba ne. Bukkarta na jikin shingen gidan yayanta, mahaifin su Ketura, kuma tun Ketura na rarrafe take shigowa haka. Mutane kan ce macen da ba ta da ɗa ba ta rasa lokacin ɓatawa a kan 'ya'yan wasu.

Aka kamo wani kunkurun, aka sa masu gadi. Ranar biki aka nemi sabuwar tabarmar da Dalassa ta saƙa, sai aka same ta a kan rufi an shanya kifi a kai. Ƙarninta ya kori har kyanwa. Aka sake ɗagawa. Da aka sa wata rana, ta je ta gaya wa fasto wai bikin sai Asabar ta sama, ya hau kwalekwale ya tafi ɗaurin aure wani tsibirin.

"Goggo, da gangan kike yi, ko tsufa ne?" in ji Simeyon.

"Tsufa ne, ɗan nan. Kai ma yana hanya, ga sanƙo ya riga shi isowa."

Meleta ta ninke 'yan rigunan da ta ɗinka, ta soma ɗinka waɗanda suka fi su girma.

Ana cikin haka wata jami'ar gwamnati ta sauko daga ƙaramin jirgi, domin yanzu doka ta san da al'adar, tana kuma son ta tabbatar ba a tilasta wa kowa ba. Ta keɓe da Ketura ta gaya mata cewa alkawarin da ta yi da ciki bai ɗaure ta ba, tana iya fasawa. Ketura ta tambaya ko doka za ta sa a gaya wa yaron gaskiya. Jami'ar ta ce wannan magana ce ta dangi. Da ta fito, Dalassa ta ja ta rawa, saura kaɗan jirgi ya tashi ya bar ta.

Yaron ya soma murmushi, ya yi kumatu. Wata safiya Ketura ta karɓi kwanon romo ta ajiye, ta riƙe hannun Dalassa.

"Goggo, ya isa haka. Na gane abin da kike yi, na gode. Na ga fuskarsa na ƙoshi, zan ba su shi da hannuna. Amma in ya girma ni zan gaya masa. Da ni ce wata ta haifa, ta zauna kusa tana kallona ta yi shiru, wallahi ba zan yafe mata ba. Ke ba ki haihu ba, ba za ki gane ba."

Dalassa ta yi dariya har ta share ido da gefen rigarta. Ta ce ita dai kunkuru ta gane, kuma a sha romon kafin ya huce.

Ranar Asabar ba abin da ya ɓace. Aka buɗe rami, ƙamshi ya cika gari, ganguna suka ɗauka. Simeyon ya amince da sharaɗin Ketura a gaban fasto, yana kuka yana dariya. Dalassa ta ɗauki jaririn a tabarma mai tsabta. Gidan Meleta ga shi nan ana hangensa, amma sai da ta zaga da shi ta bayan coci, ta bakin teku, ta gaban kanti, tana rawa, gari duka na bin ta, kafin ta sa shi a hannun Meleta.

Dalassa ce ta fi kowa rawa ranar. Tsofaffi 'yan kaɗan da ke zaune a inuwa suka bi ta da kallo. Su ne suka tuna cewa a nata lokacin ba wanda ya saki kunkuru, kuma cibiya ba ta faɗi ba aka ɗauke Ketura daga ƙirjinta aka tsallaka shinge da ita.