Birkin da Sai an Taka Sau Biyu

Injiniya ba injiniya ba ne. A kantin magani yake aiki, sunan kuma 'yan gidansu ne suka laƙaba masa tun ranar da ya kwance rediyon babansu ya mayar, kusoshi huɗu suka yi saura. Amma in dai a kan motarsa ne, ba ya jin kira.

Wata Asabar ya shigo da kwali ɗauke da manyan kalifa guda biyu jajaye, wato ƙarafan da ke damƙe faifan taya idan an taka birki. Ya jingina wayarsa a jikin bokiti, yana kallon bidiyo yana ɗaurawa. Kafin la'asar ya gama, ya ja da baya yana yaba kansa. Sun yi kyau kam, ba ƙarya.

Sai dai da ya shiga ya taka birki, ƙafarsa ta lume kamar ya taka katifa. Sai da ya ɗaga ya sake takawa sannan ya kama.

Washegari ya kai wa Dogo bakanike. Dogo ya sa shi ya yi ta takawa, shi kuma yana sassauta ɗan notin da iska ke fita ta cikinsa. Sau uku suna yi, ba abin da ya canza. Dogo ba ya sakin aiki a rabi. Ya cire taya, ya tsuguna ya daɗe yana kallo, sannan ya ja tsaki.

"Wa ya ɗaura maka waɗannan?"

"Ni da kaina."

"Ai ga alama. Ka sa na dama a hagu, na hagu a dama. Dubi notin nan, ƙasa yake kallo. Ita kuwa iska sama take taruwa, ta ina za ta fita? Ba ni awa ɗaya in juya su."

Ba awa ɗayan ce ta ƙona wa Injiniya rai ba. Masu jira a kan benci ne suka fara murmushi, shi kuwa ya tsani a ce ya yi kuskure.

"Haba Dogo, yana kamawa fa. Sau biyu kawai ake takawa."

"Ranar da za ka buƙace shi, ba za ka samu damar ta biyun ba. Bar motar a nan."

"Zan dawo ran Asabar."

Dogo ya bi shi har bakin ƙofa yana maimaita masa. Cikin makon ya kira shi sau biyu, Injiniya bai ɗauka ba.

Asabar uku suka wuce. Ƙafarsa ta saba da takawa biyu, har ya manta cewa matsala ce. Mai karatu, haka muke da yawanmu: in muka iya lallaɓa abu, sai mu ɗauka ya gyaru.

Ran Alhamis da safe ƙanwarsa Auta ta leƙo. Tela ce, keken ƙafa take takawa tun tana 'yar shekara sha biyar, da shi take riƙe kanta da mahaifiyarsu.

"Yaya, ara mini motarka in kai ɗinkin 'yan makaranta. Buhu biyu ne, ba za su hau babur ba."

Yana goge baki ya amsa mata. "Makulli na kan firji. Kar ki goga mini ita fa!"

"Ko jajayen takalman nata ba zan ɓata ba," ta ce tana dariya.

Fenti ya tuna, bai tuna birki ba.

A gangaren da ke kafin shataletale wata babbar mota ta tsaya ba zato. Auta ta taka birki sau ɗaya, yadda kowa ke yi a kowace mota. Ƙafarta ta tafi har ƙasa. Ta ci gaba da dannawa da iya ƙarfinta, ba ta ɗaga ba, don ba wanda ya gaya mata. Motar ta ɗan rage gudu, sannan ta daki bayan babbar motar.

Allah ya yi da sauran kwana. Amma ƙafar damar da ke kan birkin ta karye wuri uku, likita kuma ya ce idon sawun ba zai ƙara lanƙwasawa ba.

Da ta farfaɗo a asibiti ta gan shi, abin da ta fara cewa shi ne, "Yaya, wallahi na taka. Ka yi haƙuri da motarka."

Nan Injiniya ya durƙusa a gaban gadon, a gaban mahaifiyarsu, ya fashe da kuka. "Na san kin taka, Auta. Ni ne na sani ban faɗa ba."

Kwana uku bayan haka ya je garejin Dogo inda aka ja motar. Gabanta a murɗe yake, amma jajayen kalifan suna nan suna ƙyalli. Dogo ya taso ya same shi.

"Ba ni sifana," in ji Injiniya. "Ka tsaya a kaina, in na yi ba daidai ba ka faɗa da ƙarfi kowa ya ji."

Ya kwance su, ya mayar da kowanne gefensa, noti yana kallon sama. Suka fitar da iska. Ya shiga ya taka sau ɗaya, birki ya tsaya cak a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya duba agogo. Minti arba'in.

Yanzu duk wanda ya ji yana cewa "haka nake lallaɓa ta", sai ya tsayar da shi ya ba shi labarin nan, ba ya rage komai, har da murmushin masu benci. Auta kuwa ta rantse sai ta koma ɗinki. Kullum da yamma yana jin ƙarar kekenta daga ɗaki, tana koyon takawa da ƙafar hagu. Keken ya ɗan tafi, ya tsaya, ya sake tashi.

Jama'a, birkin da ya yi laushi gyara yake nema yau, ba dabara ba. Idan ka saba da matsalar abin hawanka, wanda zai ara bai saba ba, kuma mai yiwuwa shi ne wanda ka fi so.