Haruffan Usta Garbis

Usta Garbis ya fizgi jaridar tun mai talla bai gama sallama ba, ya ruga ciki yana ƙwala wa matarsa kira.

"Zaruhi! Fito ki ga abin da kike kira shirme!"

Shekara da shekaru ke nan yana duƙe gaban injin da ya sayar da gidan gadonsu ya sayo daga Jamus. Da shi yake sassaƙa mazubin haruffan Larabci a jikin tagulla, ɗaya bayan ɗaya, don a riƙa zuba dalma a fitar da haruffan ɗab'i. Idonsa ya dushe, bayansa ya ranƙwafe. Yau ne karon farko da wata jaridar Istanbul ta fito da haruffansa, a shafin farko kuma.

"Dubi wutsiyar harafin wawun nan! Dubi cikin nunun! Maɗaba'un garin nan layi za su yi a ƙofata har jikokina."

Zaruhi ta goge hannu, ta karɓa, ta daɗe tana dubawa.

"Usta, ka karanta kuwa?"

"Karatun me? Ni haruffa nake kallo."

Ta karanto masa a hankali. Majalisa ta zartar da doka: an soke rubutun Larabci a ƙasar, kowace maɗaba'a ta koma haruffan Turawa.

Ya zube kan kujera.

Ta dafa kafaɗarsa. "Gaskiya dai, maigida, ban taɓa ganin mugun labarin da ya fito da kyau haka ba."