Hanyar Tsohuwar Maƙabarta

Ni na tsara wa taswirar garinmu ta kwamfuta aikinta, da wayona: duk hanyar da ta kwana arba'in ba a taka ba, ta goge ta, a raba filin. Na manta da hanyar tsohuwar maƙabarta, inda Inna take kwance. Sai na koma ɗan sintiri a kanta duk Juma'a, don kada a goge ta.

Ciwon gwiwa ya kwantar da ni wata biyu. Da na miƙe, na ɗingisa ofis wajen Talatu, wadda ta gaji kujerata.

"An goge, ko?"

"Tana nan, Baba Ɗanlami. Kullum ana takawa."

"Wa ke zuwa can?"

Ta juyo min da allon. "Ba zuwa ake ba. Daga can sawun ke tasowa, ya tsaya a ƙofar gidanka."

Dama Inna ba ta karɓar uzuri.