Silin Da Gammo Ya Ɗaga

Ke da kike cewa gara ki ci wuya ke kaɗai da ki buɗe baki ki nemi hannu, matso ki ji wannan.

An yi wani mai aikin silin, irin na allunan farar ƙasar nan da ake kira jifsam, masu takarda ciki da baya. Wajen yanka dai babu na biyunsa a garin. Ba ruwansa da zarto. Zai auna, ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe, ya ja wuƙa a kan takardar, ya sa gwiwa ta baya, sai ki ji ƙas, allo ya rabu kamar an ɓare goro. Amma ba a haɗa wa mutum komai. Gwanin nan ba ya son a raba yabo da shi. Duk wanda ya kama masa aiki sai ya tsinka shi a gaban mai gida, har abokan sana'a suka gaji suka bar shi da wuƙarsa.

Ana nan sai matan wata unguwa, masu dakon itace da ruwa da masu ƙuli-ƙuli, suka haɗa ƙarfi suka gina ɗakin haihuwa. An buga kwano, amma ungozoma ta ce ita kam ba za ta kwantar da mai naƙuda a ƙarƙashin rufin da ke gasa mutum kamar tanda ba. Matan suka sake matse kansu, suka sayo alluna daidai ɗakin, bango da sama, da rarar guda biyu, suka kira gwani. Shugabarsu, wata dattijuwa mai sayar da itace, ta tambaye shi ina mutanensa. Ya ce shi ne mutanensa.

Bango bai ba shi wuya ba, don allon bango da ƙafarsa yake tsayawa, jingina shi kawai za a yi a ɗaure. Sama ce ba ta san gwani ba. Allon nan in an kwantar da shi, ka riƙe tsakiya gefuna su rinjaya, ka riƙe gefe ciki ya sauko. Ya hau tsani da allo a ka, hannu ɗaya na tallafe, ɗaya na lalubar ƙusa mai murɗi. Kafin ya saita ta da ƙarafan da ya giggitta a sama, allo ya yi ciki, ya karye a kansa, gwani ya sauko fari fat kamar wanda ya faɗa buhun fulawa. Ya ce sharrin tsani ne. Ya ɗauko na biyu, ya tokare shi da sanda, sanda ta huda shi ta fito ta baya.

To, rara ta ƙare. In aka sake fasa guda, ɗakin zai zauna da rami a sama, matan ba su da inda za su sake tatsa, sunansa kuma ya mutu a garin. Ta taga yana hango tsofaffin abokan aikinsa zaune a inuwar darbejiya a tsallaken hanya. Labari ya riga ya kai musu, sun zo jiran dariya. Ya zauna a kan tsanin, farar ƙasa na masa ɗaci a baki, ya duba hannayensa. Gwanintarsu na nan, amma biyu ne, kuma allo kusurwa huɗu gare shi. Ya daɗe yana kokawa da zuciyarsa kafin ya kayar da ita. Ya tashi, bai ko kakkaɓe jiki ba, ya fita inda matan ke zaune, ya rusuna a gaban dattijuwar.

"Inna, ku kama mini. Ni kaɗai ba zan iya ba."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Ashe bakin naka ya iya wannan maganar. Tun safe muke zaune muna jiranta, ɗan nan."

Ta kira mata huɗu da tsawonsu ya zo ɗaya. Suka ci ɗamara, kowacce ta naɗe gammo, suka jera bencina suka hau. Ya nuna musu yadda ake ɗauko allo a tsaye ta gefe, sai an kai sama a kwantar da shi. Suka aza shi a ka suka miƙe tare, suka danna shi jikin ƙarfe. Wuyan da ya yi shekara da shekaru yana ɗaukar tulu cike bai zubar ba, allo ne zai girgiza shi? Ko motsi babu. Hannayensa biyu suka samu sake, ya bi da ƙusa yana murɗawa, wannan na kamawa ya ce a ɗauko na gaba. Inda ake bukatar gutsure, ya ja wuƙa, ƙas, ya shige gurbinsa kamar nan aka halicce shi. Matan suka ɗauko waƙar daka suna yi, har shi ya tsinci kansa yana amshi.

Rana ba ta faɗi ba sai da sama ta rufe ruf, fara sol, babu tsaga ko guda. Ungozoma ta shigo, ta tsaya tsakiyar ɗaki, ta ji sanyi ya sauko mata a ka, ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, sauran suka karɓa har unguwa ta ɗauka. Masu jiran dariya suka tsallako, suka ɗaga kai, suka nemi aibi kusurwa kusurwa suka rasa, suka koma da dariyarsu a ciki.

Don haka ki adana gwanintarki, ba wanda zai ƙwace miki ita, amma ki koyi kiran mutane. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.