Kazar Mai Ɗori

"Ba inda za a kai ɗana a yanka! Ba ki ga kazar tana tafiya ba?"

Uwar maƙwabcina ce ke yi wa surukarta ihu. Ni kuwa ina leƙe ta taga, mayafi a hanci, don ba a ba ni labari. Maƙwabcin nawa ɗan acaɓa ne, mota ta buge shi a Dilimi, gwiwa ta juya baya. Mai ɗori ya ɗaure ta da kara, ya karya ƙafar kaza, wai ranar da ta taka shi ma zai taka. Kaza ta warke har tana ƙwai. Ƙafarsa kuwa ta yi baƙi ƙirin, warin har cikin miyata.

"Mama, likita ya ce gocewa ce, ba karaya ba. Jijiyar jini ta matse. In ba a yi tiyata yau ba, ruɓar za ta haura."

"Kaza ba ta ƙarya!"

Surukar ta yaye zanen da aka rufe ƙafar da shi. Tsutsa ta faɗo daga ɗorin. Kazar ta shigo da gudu, ta tsince ta.

Tsohuwa ta kauce daga bakin ƙofa. Surukar ta fita neman tasin da za ta kai mijinta asibiti, ta buga ƙofa, garam!