Kekena Yana Tsinke Zare

Wani tsoho yana cusa kayan aikinsa a buhu, zai rufe shagon har abada, sai wata mata ta shigo rungume da keken ɗinki.

"Baba, kai ne mai gyara? A waya na samo ka."

Tsohon ya haɗe rai. Wata uku ke nan da 'yarsa ta sa masa talla a intanet, da kalmomin da ya zaɓa da bakinsa: Gwanin gwanaye, shekara arba'in yana aiki. Ko kare bai leƙo ba.

"Me kika rubuta har na fito?"

"Damuwata mana. Kekena yana tsinke zare."

Ya zazzage buhun. Kafin yamma an kawo wasu kekuna biyu.

Da 'yar ta biyo daga aiki, ya tare ta a ƙofa.

"Wa ya ce ki taɓa maganata?"

"Baba, ba mai neman gwani a waya. Kowa kukansa yake rubutawa. Shi ne na cire kirarin, na sa kukan."

"Ke da ko allura ba ki iya sawa ba, ina kika san kukansu?"

"A ƙarƙashin teburin nan na yi rarrafe. Duk ina jin su."

Sai ya goge kujerarsa, wadda ba mai zama sai shi, ya tura mata.

"Zauna. Allah ya yi miki albarka. Saura masu karya allura, su ma rubuta."