Ranar da Auta Ya Ce Gobe Zai Gyara

"Ka ce min ka killace ta!"

"Na killace ta, Yaya. Da farko."

"Da farko?"

Auta ya sunkuyar da kai. Kwamfutar shagon hoto na kunne a gabansu, amma wayam. Hotunan mutane na shekara da shekaru, har da na ajiya a faifan da ke jone da ita, an goge su tas.

Yayarsa ce mai shagon. Ɗaukar hoto ta iya, ba ta san kan na'ura ba, shi ya sa ta damƙa masa. Shi ya saka wata 'yar manhaja mai aiki a bayan fage, tana tura wa masu hoto nasu ta intanet. Ya buɗe wa manhajar ƙaramin asusun shiga kwamfutar nata ita kaɗai, wanda ba ya taɓa komai sai jakar hotuna ɗaya. Har ya nuna wa Yaya, ta sa masa albarka.

"To me ya faru?"

"Tsayawa ta riƙa yi, wai ba ta da izinin shiga sabuwar jaka. Gyaran na son zama, abokaina kuma na jira a waje. Sai na mayar da ita kan babban asusu. Na ce gobe zan gyara."

"Goben yaushe?"

Yaya ta ci gaba da faɗa.

"Sau nawa na tambaye ka? Kana cin abincina, kana kallon idona, kana cewa komai lafiya. Sannu, Injiniya!"

Wani ne daga nesa ya gano ɓaraka a manhajar, ya shigo ta nan. Da a ƙaramin asusunta ya same ta, jaka ɗaya zai ɓata. Sai ya tarar da ikon komai a hannunta.

Jama'a, manhajar da ke aiki a bayan fage, a ba ta asusu marar iko, iya aikinta kawai. In ta yi ƙorafi, a buɗe mata abin da take buƙata, ba duka ba. Wanda aka amince masa kuma, in ya sassauta tsaro, ya buɗe baki ya faɗa.

Suna tsaye haka wani dattijo ya yi sallama. Kwanan nan matarsa ta rasu, kuma a shagon nan aka ɗauke ta hoton ƙarshe. Ya zauna a benci yana haki, ya dubi Yaya.

"'Yata, babba nake so a wanke min, na rataya a ɗaki. Yana nan ai, ko?"